Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙungiyar puntoGAL, Masu Riƙe Da Adireshin .gal

Ranku ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da duk masu yi muku hidima. Bayan haka, ni baƙo ne a ƙasarku, Bahaushe, mazaunin birnin Vigo yau shekara tara. Sana'ata gina wa ƙananan 'yan kasuwa shafukan intanet: mai gidan burodi, mai gyaran mota, mai masaukin matafiya, da ire-irensu. Da Hausa na rubuto muku, kuma da gangan na yi haka. A wurin mutanenku na koyi cewa wanda ya saba ajiye harshensa a bakin ƙofa duk sanda zai shiga gaban manya, wata rana zai fito ya tarar an yi gaba da shi. Wata maƙwabciyata, malamar makaranta, ta yi alkawarin za mu zauna mu mayar da wasiƙar harshen Galego kafin ta iso hannunku. Amma ina so 'yan'uwana masu karanta Hausa su fara jin abin da na ce da bakina, don haka ku yi mini uzuri in ɗan faɗi abin da ku kun riga kun sani.

Galisiya yanki ne a kusurwar arewa maso yammacin Sifaniya, Fotugal tana kudu da shi, teku ya kewaye shi ta yamma da arewa. Larduna huɗu ne, A Coruña da Lugo da Ourense da Pontevedra, mutanensu wajen miliyan 2.7. Harshensu Galego, uwa ɗaya uba ɗaya yake da harshen Fotugal. Shi kuwa .gal, shi ne abin da nake kira wutsiyar adireshi, wato ɗan guntun nan da ke zuwa a ƙarshen sunan shafi, kamar yadda namu na Nijeriya ke ƙarewa da .ng, na Nijar da .ne. Wutsiya mai harafi biyu ta ƙasashe da yankunan da aka ba lambar ƙasa ce. Galisiya ba ta cikin wannan jerin, kuma ko da tana ciki, an riga ta: .gl na Girinlan ne, .ga na Gabon. Shi ya sa kuka nemi mai harafi uku, kuma kuka nema da sunan harshe da al'ada, ba da sunan iyakar ƙasa ba.

Na san ba a ɗauko muku shi a faranti aka miƙo ba. Mutanen Kataloniya, wani yankin Sifaniya mai nasa harshen, su ne suka fara sharar hanya, hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet ta amince musu da .cat a 2005. Ku kuka kafa ƙungiyarku a 2006, sai kuka tarar ƙofar da suka bi an riga an ja ta an rufe. Shekara shida kuna zaune a dakali kuna jira, kuna tara sa hannun jama'a, kuna bin jami'o'i da ƙungiyoyin marubuta da 'yan kasuwa da na 'yan ƙasarku mazauna waje, har gwamnatin yanki ta Xunta da majalisar dokoki suka mara muku baya. Sai a Janairun 2012 aka sake buɗe ƙofar, kuɗin shigar da takarda kaɗai dala 185,000, kuma takardu 1,930 ne suka shiga daga ko'ina a duniya, akasarinsu na manyan kamfanoni masu aljihu mai zurfi. A Yunin 2013 takardarku ta tsallake tantancewa. Ranar 25 ga Yulin 2014, ranar da Galisiya ke bikin ranarta, shafukan farko suka fito da sabuwar wutsiya, a Disambar wannan shekarar kuma aka buɗe wa kowa. Baskawa, mutanen yankin Bask, sun sami .eus a wannan zagayen, mutanen Biritani ta Faransa suka sami .bzh, na Sukotlan .scot. Nahiyarmu gaba ɗayanta sai a 2017 ta samu .africa ya tsaya da ƙafarsa, bayan an sha shari'a tsakanin masu nema biyu. Don haka idan na ce kun yi ƙoƙari, ba faɗar baki ba ce. Farfesa Manuel González González, wanda ya jagoranci ƙungiyarku, da waɗanda suka yi wannan jira tare da shi sun dafa dutse, sun kuma sha romonsa.

Wanda bai san abin da harshen nan ya gani ba ba zai gane dalilin da dattijo zai yi ƙwalla saboda harufa uku ba. A ƙarni na 13 har sarkin Kastila, Alfonso na goma, da wannan harshe ake yi masa waƙoƙin fada. Daga baya aka kore shi daga takarda na wajen shekara ɗari uku, zamanin da kuke kira ƙarnonin duhu, ya koma harshen manomi da masunci da tsohuwa a bakin murhu. Rosalía de Castro ta dawo da shi kan takarda da littafin waƙoƙinta na 1863, wanda saboda shi ake bikin ranar adabinku kowace 17 ga Mayu tun daga 1963. Sannan Franco, wanda shi kansa haifaffen Ferrol ne a nan Galisiya, ya mulki Sifaniya daga 1939 zuwa 1975, makaranta da ofis ba a jin komai sai Sifaniyanci. Na zauna da tsofaffin da suka ba ni labarin yadda malami ke hukunta yaro don ya yi subutar baki da harshen gidansu a aji. Ban yi mamaki ba, don ni ma na biya tara a firamare saboda laifin yin Hausa. Sai a 1981 dokar cin gashin kai ta ba harshen matsayin hukuma, dokar 1983 ta shigar da shi makarantu da ofisoshi, gidan talabijin na yanki ya soma aiki a 1985. Adireshin .gal hawa ne na baya-bayan nan a wannan tsani.

To, yabon ya isa haka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da na gani a shekarun da nake wannan aiki shi ne .gal ya fi zama a ƙofar manya. Gwamnati tana da xunta.gal. Cibiyar harshe ta Real Academia Galega tana da academia.gal. Jami'ar Santiago, babban birnin Galisiya, da ta Vigo sun ɗauka, ƙananan hukumomi da yawa sun ɗauka, jaridun da ke fitowa da Galego sun ɗauka. Madalla. Amma ku sauko kasuwa ku duba jikin motocin masu kawo kaya, ku duba takardar da ake naɗe burodi, ku duba katin mai gyaran famfo. Abin da za ku gani shi ne .es na Sifaniya, ko .com, ko kuwa ba ko ɗaya sai lambar WhatsApp da sunan Instagram. Bayan shekara goma da 'yan kai, rajistarku tana cikin 'yan dubbai, alhali .cat ya haura dubu ɗari. Na san mutanen Kataloniya sun ninka ku yawa, sun kuma riga ku farawa, amma ratar ta wuce abin da waɗannan biyun za su iya bayyanawa.

Bari in ba ku labarin wata mata da na yi wa aiki, mai gidan burodi a wani ƙaramin gari da ke bakin gaɓa. Tun ƙarfe biyar na asuba take tsaye. Da Galego take faɗa da mai kawo fulawa, da shi take gaisawa da duk wanda ya shigo, da shi take ƙirga canji, da shi take tsawata wa karenta. Na zauna da ita mu tsara shafinta, na tambaye ta wace wutsiya take so, na nuna mata taku. Ta dube ni ta yi 'yar dariyar nan taku mai harshen damo, ta ce, ɗana, ai wannan na masu karatu ne. Na ce to rubutun fa? Ta ce a yi da Sifaniyanci, don mutane su san da gaske take. Wannan maganar ta tsaya mini a rai har yau. Matar da ta shekara sittin tana ci da sha da wannan harshe, ita ce take ganin idan aka rubuta shi a jikin sana'arta za a ɗauka wasa take yi. Da na matsa, sai ta kawo wani dalilin, ta ce Galegon da take yi ba irin na talabijin ba ne, kada a yi mata dariya.

Tsoro biyu ke nan a kan mutum ɗaya: tana tsoron masu Sifaniyanci su raina ta, tana tsoron masu Galegon littafi su gyara mata. Na farkon ba ku kuka haddasa shi ba, gadon shekaru ɗaruruwa ne. Na biyun kuwa yana kusa da gidanku, tunda duk inda ta ga .gal, a bakin masu digiri ta gan shi. Ban taɓa jin kun kori kowa don nahawunsa ba, kuma ban zo in ɗora muku abin da ba ku yi ba. Amma rashin kora daban, gayyata daban. Da a ce wannan matar ta taɓa ganin wata irinta, mai sayar da kifi ko mai tsintar ƙumba a bakin ruwa, an saka fuskarta a allon talla da adireshinta na .gal, an bar maganarta yadda ta fito daga bakinta ba a goge ta ba, da ba sai na yi rabin sa'a ina lallashi ba. Ƙarshenta mun daidaita a kan harsuna biyu, amma wutsiyar .es ta zaɓa.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda mu masu hulɗa da ƙananan 'yan kasuwa muke cin karo da ita kullum. Duk sanda na jera wa mutum farashi, taku ta fi ta .es tsada, kuma ba sau ɗaya ake biya ba, duk shekara ne. Na fahimci dalili. Kowace hukumar rajista irin taku tana biyan ICANN aƙalla dala 25,000 a shekara, ko da suna goma kawai ta sayar. Ga kuɗin masu riƙe muku na'urori, ga albashi, ga rabon dillalan da ke sayar wa jama'a. Idan aka raba wannan nauyi a kan 'yan dubban mutane, dole kowa ya ji a wuyansa. Amma abin ya zama kamar zoben da ba shi da baki: tsada ta hana yawa, rashin yawa ya hana sauƙi. Sai wani ya karya shi daga wani gefe, kuma mai gidan burodi ba za ta fara ba. Gwamnatin da ta taimaka aka biya kuɗin nema, ita ya kamata ku koma wa ku ce ta ɗauke wa ƙananan masu sana'a kuɗin shekarun farko. Sannan suna kaɗai ba ya yi wa irin waɗannan mutane amfani. Wanda aka ba filin da ba gini, ba rijiya, zai bar shi ciyawa ta cinye. A haɗa musu da shafi ɗaya mai sauƙi wanda za su iya gyarawa daga waya, da akwatin saƙon imel mai ɗauke da sunan shagon. Na san wannan zai rage wa irina ciniki. Na yarda.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne ainihin dalilin wasiƙar. A Oktoban 2024 hukumar ƙididdiga ta Galisiya ta fitar da sakamakon bincikenta na 2023. A karon farko tun da aka soma wannan bincike, masu yin Sifaniyanci a harkar yau da kullum sun rinjayi masu yin Galego. Waɗanda ke cewa Galego kawai suke yi sun sauko daga kashi 43 cikin ɗari a 2003 zuwa kashi 24. Cikin yara 'yan shekara 5 zuwa 14 kuwa, kusan ɗaya cikin uku ba ya iya magana da harshen, ko kuma ɗan kaɗan ya iya. A Fabrairun 2025 dubban mutane suka cika titunan Santiago saboda wannan labari. Wato a daidai shekarun da .gal ke kafuwa a intanet, harshen da aka nemo shi dominsa yana zarewa daga bakin yara. An kafa allon suna mai kyau a ƙofar gida, masu gidan kuma suna fita ta baya.

Ba na buƙatar hukumar ƙididdiga ta faɗa mini, a ɗakina abin yake. Ɗiyata shekararta goma sha ɗaya, a nan ta yi wayo. Tana cin jarrabawar Galego da maki mai kyau, ta fi ni iya rubuta shi nesa ba kusa ba. Amma ban taɓa jin ta yi wasa da shi ba, ko faɗa, ko gulma da ƙawayenta. A wurinta darasi ne, kamar labarin ƙasa. Lissafi ma da Sifaniyanci ake koya musu, haka dokar 2010 ta tsara, kuma abin da take kallo a waya duk Sifaniyanci ne ko Turanci. Iyayen ƙawayenta, waɗanda suka taso a shekarun 1990, sukan ba ni labarin shirin yara na Xabarín Club a talabijin ɗin yanki, yadda duk yaran unguwa ke rugawa gida da yamma su kalli zane-zane masu magana da Galego. Ko waɗanda ba a yin harshen a gidajensu sun tsince shi a can. Yaran yau ba sa rugawa gaban talabijin. Suna cikin waya, kuma a cikin wayar ku ne kuke da fili mai sunan harshen.

Za ku ce ku ba ma'aikatar ilimi ba ne, aikinku rajistar sunaye. Gaskiya ne, ban kuma nemi ku gyara dokar makarantu ba. Amma kun nemi wannan wutsiya da sunan al'umma, ba da sunan ciniki ba, kuma al'ummar nan 'ya'yanta ne gobenta. Me zai hana kowane aji na ƙarshen firamare ya sami adireshinsa kyauta, yara su gina abin da suke so a kai, labarin ƙungiyar ƙwallonsu, girkin kakarsu, sunayen gonaki da duwatsun ƙauyensu waɗanda ba sa cikin kowace taswira? Yaron da ya taɓa cewa wannan shafina ne, ni na yi shi, kuma da Galego na yi shi, ya ɗauki wani abu da jarrabawa ba ta bayarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen nan yanzu a hannun masu bidiyon Madrid da Meziko yake.

Sai maganar sharaɗi. Ƙa'idarku ta ce mai riƙe da .gal ya kasance yana da alaƙa da harshen ko al'adar ko al'ummar Galisiya, ya kuma yi amfani da sunan ta hanyar da za ta amfane su. Wannan sharaɗin shi ne bambancinku da sauran wutsiyoyin da ake sayarwa kamar gyaɗa. Amma a cikin aikina nakan ci karo da adireshin .gal wanda da ka latsa sai ya wurga ka wani shafin .com da babu ko kalma ɗaya ta Galego a ciki. Nakan ga wanda shafin farko ne kawai aka fassara, da ka shiga ciki sai ka tarar da wani harshen. An yi ba a yi ba. Na san jarabar da ke tattare da ƙaramar rajista: kowane suna kuɗi ne, kowane suna ƙari ne a lissafin da za a nuna wa 'yan jarida a ƙarshen shekara. Ina roƙonku kada neman yawa ya sa ku kau da kai. Ba na cewa ku ƙwace sunan kowa, ku rubuta masa, ku ba shi lokaci, ku haɗa shi da mai fassara. Amma mutum ya san cewa idan ya ga .gal zai tarar da Galego a ciki. Ko masu gina na'urorin fassara da na magana, irin aikin Proxecto Nós da ake yi a jami'ar Santiago, rubutu na gaske suke nema, na mutane iri-iri, kuma a rumbunku ya kamata su fara samunsa.

Wani abu kuma, wanda wataƙila sai baƙo zai faɗa muku. Na koyi Galego da ƙyar, kuma wahalar ba daga nahawu ta zo ba, daga kirkin mutanenku ta zo. In shiga shago in tarar ana hira da Galego, da an ɗaga kai an ga baƙar fata sai a juya zuwa Sifaniyanci. In amsa da Galego, a yi murmushi, a yaba mini, a ci gaba da Sifaniyanci. Ladabi ne a ganinsu, ba sa so su wahalar da baƙo. A wurinmu abin ba haka yake ba. Wanda ya sauka Kano ko Zinder ko zangon Kumasi, da Hausa za a yi masa ciniki, ya gane ko bai gane ba, a yi masa dariya, a gyara masa, bayan wata shida shi ma yana zolayar wani sabon zuwa. Haka harshenmu ya bazu, ba wata hukuma da ta tsara. Kuma kada in yi muku alfahari da yawa, don wannan ƙarfin yana da nasa laifin: a ƙasar Bauchi akwai harsuna irin su Ajawa da Kubi da suka ɓace, jikokin masu su Hausa suke yi. A gida ni ne ke gefen mai haɗiye, sai da na zo nan na zauna a gefen wanda ake haɗiyewa na gane yadda abin yake. Ba wanda ya ɗauki sanda ya hana su harshensu. Iyaye ne suka duba suka ga wane harshe ke kai yaro kasuwa da makaranta da aure, suka zaɓar masa.

Galisiya ƙasa ce da ta tsufa, masu mutuwa sun fi waɗanda ake haihuwa, kuma waɗanda ke cike gurbin daga waje suke zuwa. 'Yan Senegal suna cikin jiragen kamun kifi, 'yan tsibiran Kef Bad sun kafu a garin Burela tun ƙarshen shekarun 1970, ga 'yan Maroko, ga 'yan Benezuwela da Kolombiya da Peru. Kuna da kalma ga wanda ya rungumi harshen da girmansa, neofalante. Ina so in ga .gal ya je wurin waɗannan mutane da kansa, ya je shagon mai aski ɗan Dakar, ya je ƙungiyar matan Burela, ya ce musu ku ma naku ne. Ku kun fi kowa sanin zaman baƙunci. Kakanninku sun cika jirage zuwa Ajantina har ana kiran Buenos Aires lardi na biyar, har yau duk ɗan Sifaniya a can gallego ake ce masa. A Habana ta Kyuba aka fara rera taken Galisiya a 1907, 'yan ci-ranin can ne kuma suka tsaya aka kafa cibiyar harshenku a 1906. Jikokinsu da ba su taɓa taka Lugo ba kun buɗe musu ƙofar .gal, kuma daidai ne. Wanda yake kwana yana tashi a Vigo, yana biyan haraji a nan, 'ya'yansa suna makarantar nan, bai kamata ya tsaya yana tunanin ko da shi ake ba.

Ba zan tsallake abin da ya sami 'yan'uwanku na .cat ba. A ranar 20 ga Satumban 2017, ana saura kwana goma sha ɗaya ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewar Kataloniya daga Sifaniya, jami'an tsaron Guardia Civil suka shiga ofishinsu a Basalona, suka kama babban jami'insu na fasaha, bayan kotu ta umarci a toshe shafukan da ke maganar ƙuri'ar. Ba ruwana da siyasar ballewa, baƙo ba ya shiga faɗan gado. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi da naka. Mai sayen suna a wurinku ya kamata ya samu a rubuce, da harshe mai sauƙi, a wane hali za a iya rufe masa shafi, wa ke da ikon ba da umarnin, kuma ina zai kai kuka. Ku riƙa fitar da adadin irin waɗannan umarni duk shekara, ko da sifili ne.

ICANN ta tsara sabon zagayen neman wutsiyoyi a 2026, kuɗin takarda ya hau zuwa dala 227,000, ko da yake akwai shirin rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Al'ummomi da yawa za su yi sha'awa, wasu daga nahiyarmu. Abokaina sukan tambaye ni ko Hausa ma ta nemi tata, harshen da masu yinsa suka ninka naku sau ashirin ko fiye. Nakan ce su fara tambayar waɗanda suka yi shekara goma suna riƙe da irin wannan kaya. Ku rubuta abin da kuka koya, da daɗinsa da ɗacinsa: nawa ake kashewa a shekara, me kuka zata zai faru bai faru ba, wa ya yi alkawarin rajista ya ɓace. Labarin bikin 2014 kowa ya ji shi. Na shekarun da suka biyo baya shi ne zai hana wani ya sayar da gonarsa ya sayi allon ƙofa.

Na bar wata 'yar buƙata ta kaina a ƙarshe. Tun da na soma rubuta wasiƙar nan ɗiyata take leƙe tana tambaya. Da na yi mata bayani, sai ta ɗauko littafi ta fara jera kalmomi a layi biyu, na Galego a hagu, na Hausa a dama. Avoa, kaka. Lume, wuta. Orballo, yayyafi. Bolboreta, malam-buɗe-littafi, wanda ta yi ta dariya da ta ji, ta ce namu ya fi. Da ta kai morriña ta tsaya, ta ce malamarsu ta ce ba a iya fassara ta da kowane harshe. Uwarta ta amso daga kicin ta ce a rubuta begen gida, ita ta san shi sarai. Yanzu kalmomin sun haura tamanin, kuma wannan ne karo na farko da na ga ta taɓa Galego ba don jarrabawa ba. Tana so a saka su a intanet da muryarta tana furta kowace, kuma ta ce .gal take so. Rabin shafin Hausa zai kasance, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu. Na karanta ƙa'idarku na ga kamar ya shiga, amma ita ta ce in tambaye ku da kanku, don kada a rufe mata bayan ta gaya wa 'yan ajinsu. Muna jiran amsa kafin 17 ga Mayu, ranar da take so ta nuna wa malamarsu.

Na gode da haƙurin karantawa. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani Bahaushe mazaunin Vigo